Zanen da ke jikin tsofaffin kekunan Ingila: ado ne kawai ko yana da amfani?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai karatu a Gusau. Ya ce mahaifinsa, Allah Ya gafarta masa, ya bar masa tsohon keke baƙi ƙirar Raleigh, mai kan tsuntsu a goshi da siraran layuka masu ruwan zinare a jikin ƙarafunansa. Da ya shiga intanet yana neman irinsa, sai ya yi kiciɓis da hotunan wasu kekunan Ingila na da, waɗanda aka yi wa sassaƙa a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, kamar aikin wuyan babbar riga, wasu ma ƙarafunansu na baya a lanƙwashe kamar mota ce ta taka su. Shi ne yake tambaya: wannan aiki ado ne zalla ko yana ƙara wa keke ƙarfi? Da hannu ake yi ko da inji? Layukan nan zinare ne na gaske? Kuma keken mahaifinsa yana cikin irin waɗannan?

To Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta. Ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don ni ma a kan kariyar irin wannan keke na girma. Kwatancen da ka yi da wuyan babbar riga kuwa ya fi dacewa fiye da yadda kake tsammani. Wuya da bakin aljihu su ne wuraren da riga ta fi shan ja, can ta fi saurin yagewa, can kuma maɗinki yake jibga zare. Aikin yana riƙe yadi, yana kuma ƙawata shi. Amma kowa ya san aska takwas ta wuce abin da ake buƙata don kawai kada aljihu ya ɓarke. Labarin keken Ingila ma haka yake.

Bari mu fara da yadda ake haɗa firam, wato ƙashin bayan keke, wanda tayoyi da sirdi da feda duk suke rataye a jikinsa. Firam bututun ƙarfe ne guda-guda aka haɗa. A yau yawanci walda ake yi musu kai tsaye, shi ya sa kake ganin tudun walda kamar saƙar zuma a inda suka haɗu. A da kuwa, maƙeran Ingila wani ɗan guntun ƙarfe mai baki biyu ko uku suke samu, irin gwiwar da mai gyaran famfo yake haɗa fayif da ita. Su suna ce masa lag, mu kuma bari mu kira shi mahaɗi. Sai a zura kan kowane bututu a ciki, kamar yadda wuƙa ke shiga kube, a gasa wurin da wuta har ya yi ja, sannan a kawo sandar tagulla a ɗora a bakin. Tagulla tana narkewa a zafin da ya kai kamar digiri 900, alhali ƙarfen sai ya haura 1,400 kafin ya narke. Saboda haka ita ce take zama ruwa, ta tsotsu cikin 'yar siririyar ratar da ke tsakanin bututu da mahaɗi, kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Idan ta huce, sun zama abu ɗaya. Wasu maƙeran da azurfa suke yi, don ta fi narkewa da wuri, ba ta gasa ƙarfe sosai.

Wannan mahaɗin shi ne ka gani an sassaƙe a hotunan. Ba a jikin bututun aka yi zanen ba, a jikin kuben da ya lulluɓe shi ne.

Yanzu ga inda amfani ya shigo. Bututun keken tsere siriri ne ƙwarai. Kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi rajistar wata dabara a 1897 ta yin bututu mai kauri a bakin nan biyu, siriri a tsakiya, sannan a 1935 ya fito da shahararren ƙarfensa mai suna 531. Kaurin bangon irin wannan bututu da wuya ya wuce milimita ɗaya ko a inda ya fi kauri. To idan ka zura abu siriri haka cikin mahaɗi mai kauri wanda aka yanke bakinsa a miƙe, duk lokacin da mahayi ya taka feda ko ya faɗa rami, bututun zai ɗan tanƙwara, kuma a daidai wannan baki ɗaya zai riƙa tanƙwarawa. Ka tuna yadda ake karya rake: a kan gwiwa ake ɗora shi, don duk ƙarfin ya taru wuri guda. Bakin mahaɗi mai kaifi gwiwa ne ga bututu. Yau da gobe sai tsaga ta fito.

Maganin da maƙera suka gano shi ne a yanke bakin ya yi tsini ko ya yi lanƙwasa, a kuma goge shi da magagari har ya sirance a ƙarshe, ta yadda nauyin zai bazu a hankali. Sukan kuma huda 'yan tagogi a jikin mahaɗin. Tagar tana rage nauyi kaɗan, tana rage yawan ƙarfen da za a gasa, amma babban amfaninta shi ne maƙeri yana leƙawa ya ga ko tagulla ta ratsa har ciki ko ta tsaya a baki. Ka ga ke nan asalin abin ba kwalliya ba ce.

Sai dai in gaya maka gaskiya, tsini ɗaya da taga ɗaya ko biyu sun isa su yi duk wannan aiki. Kekunan Italiya da suka yi ta lashe manyan gasannin Turai mahaɗansu sumul suke, da ɗan tsini kawai, ba su kuma karye ba. Duk abin da ya ƙaru a kan haka, irin su ganyaye da furanni da ƙugiyoyi da dogayen harsunan da ke gangarowa jikin bututu, wannan aska takwas ce. Ba ta ƙara gudu, ba ta ƙara ƙarfi. Idan ma maƙerin ba gwani ba ne, daɗewar da zai yi yana bin kowane lungu da wuta tana iya raunana bututun.

To me ya sa Ingila ta yi fice a wannan? Nan ne labarin ya fi daɗi. A 1890 ƙungiyar da ke kula da harkar kekuna a ƙasar ta hana 'ya'yanta yin tsere a kan titin jama'a, don gudun rigima da 'yan sanda da masu keken doki. Mahaya ba su haƙura ba. Daga 1895 suka ɓullo da tseren agogo: ba a tashi gaba ɗaya, kowa shi kaɗai ake saki, da tazarar minti ɗaya, da sassafe kafin gari ya waye, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Don kada su ja hankali, baƙaƙen kaya suke sawa daga wuya har idon sawu. Ƙari a kan haka, su 'yan sha'awa ne, ba 'yan kuɗi ba, doka ta hana su yi wa wani kamfani talla. Bayanin da masu bin tarihin keke suka fi kawowa shi ne, tunda sunan maƙeri ba zai fito a hoton jarida ba, sai maƙeran suka nemi siffar da ko daga nesa za a ce wannan aikin wane ne. Ka dubi abin dariya: mutum baƙi ƙirin kamar mai zaman makoki, a kan keken da ya sha ado kamar amarya.

Wancan mai lanƙwasassun ƙarafunan baya da ka gani, ina kyautata zaton Hetchins ne, kuma babu motar da ta taka shi. Haka aka ƙera shi. Harry Hetchin ɗan gudun hijira ne daga Rasha, yana da shago a titin Seven Sisters da ke Tottenham a arewacin Landan. A tsakiyar shekarun 1930 ya haɗa gwiwa da wani maƙeri, Jack Denny, suka fara fitar da firam mai ƙarafunan baya masu lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Sun ce lanƙwasar tana shanye girgizar hanya. Ni dai a ganina abin da ta fi shanyewa shi ne idon masu kallo, kuma ta yi wannan aiki sosai, tunda ga shi bayan shekara kusan casa'in wani a Gusau yana tambaya a kanta. Wajen 1950 suka fito da jerin mahaɗai masu sunayen Latin: Nulli Secundus, wato wanda ba ya bayan kowa, Experto Crede, wato ka yarda da wanda ya gwada, da Magnum Opus, babban aiki, wanda ya fi su duka cunkoson zane. Ba su kaɗai ba ne. Kamfanin Bates na Landan ya lanƙwasa ƙarafunan da ke riƙe tayar gaba sau biyu, ya kuma yi bututu mai ciki a tsakiya kamar goran ruwa. 'Yan'uwan Baines na Bradford kuwa nasu firam ɗin ya fito da ƙarin sanduna har aka yi masa laƙabi da ƙofa mai tashi.

Akwai dalili na biyu, wanda na fi ba shi nauyi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, ana ma rabon fetur da kati har zuwa 1950. Kulob-kulob na masu keke suka cika, kusan kowane gari yana da maƙerinsa a wani ɗan shago. Kuma kusan dukkansu 531 ɗin nan suke saye, giya da birki ma daga kamfanoni ɗaya suke fitowa. Idan yadi ɗaya ne a kasuwa, da me tela zai fi tela? Sai ɗinki. Haka Les Ephgrave na Landan ya yi suna da nasa zanen, Gillott da furen da ke tambarin sarakunan Faransa, Mercian na garin Derby, wanda aka kafa a 1946, da samfurinsa Vincitore. Saurayi ma'aikacin masana'anta yakan yi watanni yana tari don ya je a auna shi, ya zaɓi zane da launi, kamar yadda ango ke zuwa wurin maɗinki.

Batun hannu ko inji, amsar ita ce duka biyun akwai. Na hannu, maƙeri yana samun mahaɗi marar zane, ya shafa masa launi, ya zana siffar da tsinken ƙarfe. Sai ya huda ƙananan ramuka, ya zura siririn zarto irin na maƙeran zobe, wanda kaurinsa bai fi na zare ba, ya riƙa bin layi a hankali. Zarton yana yawan karyewa. Bayan nan sai 'yan ƙananan magagarai, mai zagaye, mai kusurwa uku, mai faɗi, a bi kowane lungu. Mahaɗi guda mai yawan zane yana cin sa'o'i, ga shi firam ɗaya yana da da yawa. Idan an gama gasawa kuma sai an sake zama an kankare duk tagullar da ta malalo, har bakin zanen ya fito tsaf kamar an yanka da reza. Wasu sukan yanka zanen a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, da yawa a lokaci guda, sannan su naɗe shi a jikin bututu. Kamfanin Claud Butler ya yi haka a wasu kekunansa bayan yaƙi, lokacin da mahaɗai suka yi wuyar samu. Sannan akwai kamfanin Nervex na Faransa da ke sayar da mahaɗai waɗanda inji ya riga ya fitar musu da zane, maƙeri ya saya ya ɗan gyara. Kekunan Ingila da yawa na shekarun 1950 da su aka yi. Mai ido yana bambancewa: a aikin hannu, idan ka gwada dama da hagu za ka ga ɗan saɓani kaɗan, kuma ƙarshen kowane harshe ya sirance har ya kusa ɓacewa a jikin bututu.

Mu komo kan keken mahaifinka. Raleigh ba ƙaramin shago ba ne, a zamaninsa katafaren kamfani ne a Nottingham, wanda Frank Bowden ya ɗaukaka tun ƙarshen shekarun 1880, sunan kuma na titin da aka fara aikin ne. Irin wanda aka fi kawowa ƙasashenmu keken aiki ne: mai nauyi, mai birkin sandar ƙarfe, mai akwatin da ya rufe kaca, wanda zai ɗauki buhun gero da fasinja bai ce uffan ba. Mahaɗansa sumul suke, inji ne ya buga su. Don haka ba ya cikin jerin su Hetchins, kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa kana zaune a kan dukiya. Amma yana da nasa adon, kuma adon yana da labari.

Tsuntsun da ke goshi zalɓe ne, ba jimina ko agwagwa ba kamar yadda muke musu muna yara, an ɗauko shi ne daga tambarin gidan su Bowden. Duƙa ka dubi babban faifan haƙoran da feda ke juyawa, in ba a rufe yake ba: a yawancinsu za ka ga an huda kawunan zalɓen a zagaye. Ko ɗan ƙarfen da ake rataya fitila a gaba yakan zo da siffarsa. Kowane kamfani da nasa: Rudge tafin hannu ne a faifansa, Humber wasu 'yan mutane ne sun riƙe hannun juna sun yi da'ira, BSA kuwa tambarinsa bindigogi uku ne a jingine da juna, don asalinsa maƙeran bindiga ne na Birmingham da suka haɗu a 1861. Raleigh ya saye Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekunan BSA a 1957, shi ya sa za ka ga kekunan suna kama da juna, tambari ne ya bambanta. Kasuwarsa a Nijeriya ta yi girman da har aka kafa masana'antar Raleigh a Kano. Daga baya kekunan Indiya da na Sin, irin su Hero da Phoenix, suka zo da siffa kusan iri ɗaya a farashi mai sauƙi.

Layukan masu ruwan zinare kuwa, a keke irin naka fenti ne ko kuma zanen da ake mannawa, ba zinare ba. Amma tambayarka ba ta faɗi ƙasa banza ba, don an taɓa yi da zinaren gaske. John Marston na Wolverhampton sana'arsa ta farko shafa wa kwanuka da farantan ƙarfe baƙin fenti mai sheƙi ne, irin wanda ake gasawa a tanda. Da ya fara ƙera kekunan Sunbeam a 1887 sai ya kawo wannan gwaninta, kuma samfurinsa Golden Sunbeam da ainihin ganyen zinare aka ja masa layi. Ita al'adar jan layi daga masu fentin keken doki aka gaje ta. Mai yin aikin yana tsoma buroshi mai dogon gashi a fenti, ya dafa ɗan yatsa a gefen bututu, ya ja a numfashi ɗaya. In hannu ya yi rawa sai a goge a sake. Idan ka kai layin keken kusa da ido ka ga wani wuri ya ɗan fi kauri, ko kusurwa ta ɗan zarce, wannan hannun mutum ne. Baƙin fentin da ke ƙasa kuma gasasshe ne, shi ya sa yake kai shekara sittin bai ɓare ba.

Sirdin ma ka duba bayansa. In ka ga ɗan allo an rubuta Brooks, to fatar kamfanin da John Boultbee Brooks ya kafa a Birmingham a 1866 ce, wanda da kayan doki ya fara. Dukawanmu za su gane aikin nan take: fata mai kauri, an ja ta a kan ƙarfe, an buga mata ƙusoshi. A masu tsadar, ƙusoshin jan ƙarfe ne manya, da guduma ake daddale su ɗaya bayan ɗaya.

Na tuna wani malaminmu na firamare da ya sayi sabon Raleigh. Ya fi shekara bai cire takardar da kamfani ya naɗe bututun da ita ba. Da ta yage sai ya naɗe shi da leda mai launi, ya sa wa cibiyoyin tayoyin zoben ulu, ya ƙara madubi biyu. Mukan yi dariya, mu ce an saya don ado an kuma ɓoye adon. Shekaru bayan haka aka warware ledar, layukan nan suka fito fes kamar jiya aka ja su. Shi kuwa wani maƙwabcinmu ya kai nasa wurin mai fenti don ya yi kyau kafin salla. Mai fentin ya kankare shi da samfefa, ya fesa masa shuɗi har kan zalɓen. Ya yi ƙyalli na wata biyu, daga nan ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa.

Zamanin sassaƙa ya ja baya ne daga ƙarshen shekarun 1950. Mota da babur suka yi araha, kulob suka rage, matasan da suka saura suka koma son salon Italiya marar tarkace, kuɗin ƙwadago kuma ya hau ta yadda sa'o'in da ake kashewa da zarto ba sa biyan kansu. Daga baya walda da alminiyon suka zo, mahaɗin ma aka daina buƙatarsa. Raleigh kansa ya daina harhaɗa kekuna a Nottingham a 2002. Har yanzu dai akwai 'yan maƙera ƙalilan da ke yanka mahaɗi da hannu ga mai iya jira da biya.

Shawarata gare ka, Malam, kada ka sake masa fenti. Masu tara tsofaffin kekuna sun fi daraja fentin asali ko da ya koɗe, fiye da sabo mai ƙyalli. Ka wanke shi da ruwa da sabulu marar ƙarfi, ka tsane shi, ka shafe shi da tsumma mai ɗan mai. A kan layukan ka sassauta hannu, don su ne suka fi saurin gogewa. Tsatsar da ke kan farin ƙarfen kan keke da rim, takardar alminiyon da aka jiƙa da ruwa tana fitar da ita ba tare da ta karce shi ba. Samfefa kuwa kada ta kusance shi. Fatar sirdin ka ɗan shafa mata man kaɗanya kaɗan, ka raba ta da ruwan sama.

Idan mai giya uku ne, goge cibiyar tayar baya da kyau. Kamfanin Sturmey-Archer, wanda ke yin wannan giya tun 1902, yakan buga shekara da wata a jikinta: in ka ga 56 da 7, to Yulin 1956 ke nan. Ka duba, ka rubuto mana abin da ka gani, tare da hoton zalɓen.